Baba Ya Koma Tuƙi

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman cikin ruwa? Ina fata ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Ranar hutuna na leƙa gidanka, Anti da yara duk ƙalau. Ƙaramar ta fara haƙori, duk wanda ya miƙa mata yatsa sai ya ji a jikinsa.

A tsaye nake rubuta wannan a kan kantar shagonmu. Abokin aikinka da zai koma jirgi yana bakin ƙofa yana duba agogo, ga masu sayen magani sun yi layi. Amma ba zan bar shi ya tafi ba tare da albishir ba.

Yaya, Baba ya koma tuƙi!

Wallahi da gaske nake. Mutumin da ka bari yana kallon bango tun da ɓarin jikinsa ya shanye, yanzu kullum da hantsi sai ya hau tirela. In ba ni da aiki ni ce ƙaren motarsa. Shekaranjiya ya ɗauki lodin katako ya haura wata hanyar dutse da shi, hannun hagun yana rawa amma bai saki sitiyari ba. Sau ɗaya ya gogi wata ƙaramar mota a kwana, ya ce laifin mai ita ne, wa ya aike shi shiga ƙarƙashin babba. Abinci kuwa har ƙari yake nema.

Cikakken labari yana tafe a takarda ta gaba. Mutumin nan ya fara tafiya, bari in bi shi.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Bayan ya yi sauƙi, kuma lafiyata ƙalau kafin in buɗe takardarki. Tun da na karanta ta ban ƙara jin ɗanɗanon abinci ba.

Kina cikin hankalinki kuwa? A gabana likita ya ce Baba ya yi sallama da mota har abada. Mutumin da ba ya iya riƙe kofi da hannun hagu, shi kika bari ya hau tirela da lodi? Har kina ba ni labarin ya buge motar mutane kamar wani abin dariya. Mai motar ya ji rauni? Wane marar tsoron Allah ne ya ba shi makulli? In Mai Walda ne, ki gaya masa abotarsu ta shekaru ba za ta hana ni yi masa rashin kunya ba.

Takardar da kika ce tana tafe ban gan ta ba. An canza mana tashar da za mu tsaya, kuma kin san a tsakiyar ruwa wayar mutum ba ta da maraba da dutse. Ina ɗakin inji ina aiki, duk ƙarar da na ji sai gabana ya faɗi, in ga kamar Baba ne a cikin rami.

Na rubuta wa Baffa, na ce duk abin da yake yi ya ajiye ya je ya karɓe makullin. Shi ƙaninsa ne, wataƙila ya ji maganarsa tunda ke kin zama 'yar rakiya. Na bar miki Baba ne don kina aikin magani, na ɗauka kin fi kowa sanin haɗarin. Ki ba ni amsa da wuri.

Yayanki

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ka kwantar da hankalinka ka ci abinci. Baba lafiya, ni lafiya, mai ƙaramar motar ma lafiya, domin babu shi a duniya.

Na karanta takardarka a bayan kanta, na yi dariya har mai shago ya leƙo ya ga ko lafiya. Daga baya tausayinka ya kama ni. Gaggawa ce ta sa na yi maka maganar rabi da rabi, wadda ta cike ta kuma Allah kaɗai ya san tashar da take kwance. Tirelar Baba a falo take, Yaya, a cikin talabijin.

Ka san na'urar gem ɗina, wadda kake cewa ita ta hana ni girma. Tun da Baba ya kwanta na dawo da ita falo don in riƙa jin motsinsa. Wata yamma na dawo daga aiki na sa wani gem na tuƙa manyan motoci, ina ta fama in yi ribas da tirela in shigar da ita wurin sauke kaya. Duk na juya sai bodin ya naɗe kamar wuƙar aljihu. Baba yana kan kujerarsa ya ba ni baya kamar kullum. Ban san ta gilashin kabad yake kallona ba. Sai na ji murya:

"Ke, za ki kashe wa mutane mota. In kina son gindinta ya yi dama, hagu za ki karya."

Yaya, rabon da in ji Baba ya haɗa magana mai tsawon haka tun kafin asibiti. Ban waiwaya ba, don kada ya ga idona. Na yi yadda ya ce, mota ta shiga sumul. Ya ce in juyo masa da kujera.

Na miƙa masa madannin hannu, ya jujjuya shi ya ce wannan ai ƙwaro ne, wa ya taɓa tuƙa mota da babban yatsa? Shi ya sa na nemo masa sitiyari irin wanda ake haɗawa da na'urar. Na farko bai kwana biyu ba ya ce in mayar, wai murfin tukunya aka sayar mini, ko iska ta hura zai juya. Na musanya da wani mai nauyi, wanda yake gardama da hannu, in ka hau tsakuwa ya yi ta karkarwa. Da ya riƙe shi ya murza, sai ya ce, "To, wannan yana da rai." Birki da totur kuma suka riƙa zamewa a kan simintin falo. Nan ne Mai Walda ya shigo maganar. Makulli dai bai ba kowa ba, ƙarfe ya haɗa ya ɗaure komai a kai, ya samo tsohuwar kujerar babbar mota ya ɗora.

Baba bai bar masu gem ɗin sun huta ba. Ya ce birkinsu ya cika ladabi, mota mai lodi ba ta tsayawa don ka roƙe ta. Ya ce hanyoyinsu sun yi kyau har sun zama ƙarya. Amma madubi da ribas, ya ce duk wanda ya tsara su ya zauna da direbobi.

Saƙonka ya isa wurin Baffa. Ya shigo ko sallama bai gama ba yana tambayar ina makulli, ina motar. Ya tarar da yayansa a kujerar ƙarfe ya ƙura wa talabijin ido. Baba bai ko kalle shi ba, ya ce ya jira ya yi fakin. Na ɗauka Baffa zai yi dariya. Tsayawa ya yi yana kallo kamar an nuna masa abin kunya, ya fita ko ruwan da na kawo bai sha ba. Ban san abin da zai gaya maka ba, shi ya sa na riga shi.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Takardarki da ta Baffa rana ɗaya suka same ni. Na gode Allah da ba mota ba ce, na yi barci a karon farko. Da na farka kuma sai wani baƙin cikin ya maye gurbin na da.

Ke ƙarama ce, ba ki san Baba a lokacinsa ba. Ni na san shi. In ya dawo daga tafiya ya tsayar da motar a bakin layi, har manya miƙewa suke su gaishe shi. Direbobi nawa ya koya wa aiki? Wannan mutumin ne yau yara suke ɗare taga suna leƙensa yana wasa da abin wasansu. Baffa ya ce a kantinsa wani ya tambaye shi ko ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa ne. Anti ma ta rubuto cewa wata maƙwabciya ta yi mata jaje, wai ta ji surukinta ya koma yaro. Jaje fa, Auta, kamar an yi rashi.

Na san nufinki alheri ne, amma kin mayar da mahaifinmu abin kallo. Marar lafiya kamar mai jin ƙishirwa ne, duk abin da aka miƙa masa sha zai yi. Mai lafiya ne ya kamata ya san abin da zai miƙa. Kuma ban yi mamaki ba. Mace kamarki, da aikinki da shekarunki, ki dawo gida ki zauna kina danne-danne kamar 'yar makaranta. Na daɗe ina kawar da kai, ga shi abin ya kai ga Baba.

Ga abin da na yanke. Na ce wa Baffa ya je ya ɗauke kayan nan. In na sauka hutu zan zo da mota in mayar da Baba gidana. Anti ta fara gyara ɗakin baƙi, ga jikoki za su ɗebe masa kewa, za a nemo mai kula da shi. Ke ma kya huta, ki samu lokacin duba rayuwarki.

Ba shawara nake nema ba. Ni ne babba, kuma in an yi dariya sunan gidanmu ake kira.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Na san ka daɗe kana jiran amsa, kuma da gangan na jinkirta. Da a ranar na rubuta, da ba za ka ƙara kirana ƙanwa ba. Ka tambayi lafiyar Baba? Na sake duba takardarka, ban ga inda ka tambaya ba. Zan gaya maka duk da haka.

Baffa ya cika umarninka. Ya jira na tafi aiki ya zo da mai kura, suka kwance sitiyarin da birki da totur. Kujerar ce ta fi ƙarfinsu suka bar ta. Na dawo na tarar da Baba zaune a kanta, hannuwansa a cinya, gabansa ƙarfe tsirara. Abincin rana yana nan a rufe yadda na bar shi. Na saɓi mayafi zan tafi kantin Baffa, ya ce in na fita bai yafe ba. Na ce to zan sayo wani, ya girgiza kai, ya ce nasa yake so.

Ya koma kujerarsa ta da, ya koma kallon bango. Likitar motsa gaɓoɓi ta zo, ya ƙi miƙa mata hannu. Ita ce fa ta ce mini kwanakin baya yatsunsa sun fara buɗewa, ta ce duk abin da muke yi mu ci gaba. Na yi ta kai abinci ina dawo da shi. A kwanakin nan na yi maka addu'o'in da ba zan rubuta ba.

Sai wata safiya ya ce in ɗauko masa rigarsa ta fita da hula da sanda. Na ce in kira mai mota? Ya ce da ƙafarsa zai je kantin Baffa. Yaya, tun da aka sallamo shi daga asibiti bai taka bakin ƙofar gida ba. Ka san layinmu: katakon nan da aka gitta a kan kwata, gangaren gaban shagon aski, tulin yashin da aka zube aka manta. Duk ya bi su yana jan ƙafa, gumi ya jiƙa rigar, in na kai hannu ya buge. A gaban Mai Walda ya tsaya ya huta. Shi kuma ya kashe wutarsa, ya ɗauki benci ya biyo mu da shi, duk inda Baba ya gaji sai ya ajiye masa. Mutane suka fito ƙofar shagunansu. Ban ji wanda ya yi dariya ba.

Baffa yana tsakanin buhunan siminti yana ciniki, ya ɗago ya gan mu. Ya jawo kujera da sauri, Baba ya ƙi zama.

"Kayana na zo karɓa."

Baffa ya fara rantse-rantse cewa mutuncinsa yake karewa, kuma kai ne ka sa shi. Baba ya bar shi ya gama.

"Lokacin da ake juya ni kamar buhun nan a canza mini shimfiɗa, ba ka ce mutuncina ya zube ba. Sai da na tashi zaune? Miƙo mini, ko in shiga in ɗauko."

Ya kuwa ɗaga ƙafa zai shiga. Baffa ya riga shi, ya fito da kwalin kayan daga bayan gwangwanayen fenti. Ya ce zai aiko da shi anjima, Baba ya ce wanda ya ɗauke shi zai mayar, kuma yanzu. Haka muka dawo, Baba a gaba da sandarsa, Mai Walda da bencinsa, Baffa a baya da kwali a ka. Da kansa ya durƙusa ya ɗaure kusoshin da ya kwance.

Saura maganata. Tun safe ina tsaye a bayan kanta har ƙafafuna su kumbura. In dawo in yi girki, in yi wanki, in kama Baba in kai shi wanka. Watannin da ya daina magana, gidan nan shiru kamar kango, ɗan lokacin da nake zama da na'urar nan shi ne ya hana ni zaucewa. Ba na shiga hakkin kowa da ita, da gumina na saye ta. Kai in kun tashi aiki ba kwa buga karta a jirgi? Taku hutu ce, tawa ce rashin girma? Ba zan daina ba, ba kuma zan rufe taga don wata ta ji daɗin bakinta ba.

Girmanka na nan, ban taɓa shi ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kuma kana tsakiyar teku. Maganar ɗauke Baba ba ni zan amsa ta ba. Ya ce in ba shi takarda da biro, ga tasa nan a ciki. Ban karanta ba.

Auta

*

Babban ɗana,

Ina gaishe ka, Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka da sharrin ruwa. Jikina da sauƙi. Da hannuna nake rubutu don kada ka ce Auta ce ta sa mini magana a baki. In layin ya karkace ka yi haƙuri, ka san ubanka a mota ya yi karatunsa.

An ce kana tsoron na haukace. Ban haukace ba. Na san ba mota ba ce. Ba ta warin mai, ba ta ƙona tafin ƙafa, in na sauka ba wanda nake kawo wa tsaraba. Na fi ka sanin abin da na rasa.

Amma bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai marigayiya mahaifiyarku. Duk shekarun da na yi a hanya, ban taɓa tayar da mota ba sai da tsoron kada in taka ɗan wani. Kai miƙewar mutane ka gani, ni wannan na sani. Na wuce duwatsu da koguna ban kalle su ba, idona yana kan kwalta. Yanzu ina tuƙi, in na yi kuskure ba a binne kowa. Jiya na tsayar da motar a bakin wani tafki na yi ta kallo. Na san zane ne. Na kalla duk da haka.

Masu dariya kuma ka bar ni da su. Mai aski ya fi kowa baki, na ce ya zauna ya gwada, bai kai kwana ta biyu ba ya kifar da lodin. Yanzu shi yake roƙo a ba shi hannu, ni kuma ina ja masa rai.

Ƙanwarka ka sakar mata mara. Da ba ta zauna tana wannan danne-dannen ba, da yanzu wataƙila gaisuwar mutuwa kake karɓa. Wasanninta na harbe-harbe ba na son su, ƙararsu ta yi yawa, na gaya mata. Ta ce kowa da motarsa. Ta yi gaskiya.

Ka gode wa matarka, ɗakin a ba yara. Ba inda za ni. Ka zo hutu, gidan ubanka ne, ina son ganinka. Amma in ɗaukata za ka zo yi, ka taho da ƙarti, domin na gwada jiya, hannuwana biyu yanzu suna riƙe ƙyaure.

Mahaifinka

*

Baba,

Ina gaisuwa tare da neman gafara. Na ji daɗin ganin rubutunka fiye da yadda zan iya faɗa. Na karanta a ɗakin inji, na fita na sake karantawa a waje inda ba kowa.

Har yanzu abin bai kwanta mini ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na rubuta wa Baffa ya cire hannunsa, na kuma gaya wa Anti ta bar gyaran ɗakin.

A gaya wa Auta ni da ita ba mu gama ba, sai na zo. Ni kaɗai zan zo, Baba, da jakata.

Ɗanka